Martani Ga Alhaji: Neman A Bayyana Farashin Ƙarfen Zuciya Ba Yaƙi Da Asibiti Ba Ne

Raddin da kuka rubuta a kan kiran da na yi, cewa hukuma ta sa ido a kan farashin sitent da sauran kayan aikin zuciya, ya zagaye unguwarmu ta Ali Kazaure a nan Jos, ya tsallaka Gangare da Dilimi, har a ƙofar Babban Masallacin Juma'a an tare ni da shi. Kun girme ni, kun daɗe a harkar shigo da kayan asibiti, kuma kowa ya shaida hannunku ba ya nauyi idan an zo neman taimakon mara lafiya a unguwar nan. Saboda haka ba zan rama da irin zafin da kuka rubuto ba. Sai dai zarge-zarge bakwai kuka jero, wasu a kan hujjata, wasu a kan mutuncina, kuma idan na yi shiru za a ɗauka na amsa laifi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san abin da ake gardama a kansa ba, ga bayani a taƙaice. Jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini sukan cushe da kitse. Idan ɗaya ta toshe ɗungurungum, shi ne bugun zuciya: ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, numfashi ya yi sama-sama, tsokar kuma tana mutuwa minti bayan minti. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya bi da shi har zuciya yana kallo a allo, ya hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin, sannan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare jijiyar don kada ta koma ta rufe. Ragar nan ita ce sitent, ita ake nufi idan an ce an sa wa wane ƙarfe a zuciya. Faɗinta 'yan milimitoci ne, tsawonta da wuya ya wuce gaɓa ɗaya ko biyu ta yatsa. Iri biyu ce: akwai zallar ƙarfe, akwai wadda aka shafa wa maganin da ke hana nama sake tsirowa a cikinta. Tun 1986 aka fara sa wa mutane ita a Faransa da Suwizalan, wato ba sabuwar fasaha ba ce.

Abin da na nema kuwa abu huɗu ne: a san kuɗin da sitent ke sauka da shi a tashar jirgi, a sa iyaka ga ribar da ake ɗora masa daga nan zuwa gadon mara lafiya, a riƙa ba iyali rasit dalla-dalla, kuma asibitocin gwamnati su haɗa kai su saya a dunƙule. Ga abin da kuka ce, ga amsata.

Zargi na 1: wai ina so in mayar da mu zamanin layin kayan masarufi

Kun tuna mini dokar ƙayyade farashi ta 1977 da layukan madara da sukari da sabulu na 1984, lokacin da kaya suka ɓace daga kanti suka koma bayan shago. Wannan tarihi gaskiya ne, manyanmu a Jos sun tsaya a waɗannan layuka. Amma ku dubi bambancin. Mai sayen madara yana ganin gwangwanin, yana tambayar shago uku, yana iya haƙura ya sha kunu zalla. Mai bugun zuciya fa? Likita ne ke zaɓar sitent, asibiti ne ke sayowa, dangi ne ke biya, kuma a cikin ukun nan mai biyan ne kaɗai bai taɓa ganin kwalin ba. Ba ya taya, ba ya neman ragi, ba ya juyawa ya tafi wani wuri alhali ɗan'uwansa na kwance ana ƙirga masa mintoci. Inda mai saye ba shi da ikon cewa a'a, babu cinikin da zai daidaita farashi da kansa.

Indiya ta gwada, don haka ba sai mun yi ta zato ba. A watan Yulin 2016 ta sa sitent cikin jerin magungunan da ba a iya yi sai da su. Ranar 13 ga Fabrairun 2017 hukumar ƙayyade farashin magunguna ta ƙasar, NPPA, ta yanke cewa sitent mai magani kada ya wuce rufi 29,600, na zallar ƙarfe kuma rufi 7,260. Kafin nan matsakaicin farashin mai maganin ya kai rufi 121,000, na ƙarfe kuma wajen 45,000. Hukumar ta binciki takardun kamfanoni da dillalai, ta gano cewa ribar da wasu asibitoci ke ɗorawa ta kai kashi 654 cikin ɗari. A makonnin farko an yi kukan ƙarancin wasu nau'o'i, kamfanoni suna cewa sun janye kaya ne don sauya tambarin farashi, gwamnati kuma ta umarce su da su ci gaba da kawowa yadda suka saba. Bayan nan aikin sa sitent bai tsaya a Indiya ba, har yau ana yin dubban ɗaruruwa duk shekara. Layin da kuke tsoratar da mu da shi bai kafu ba.

Zargi na 2: wai kamfanonin kirki za su gudu a bar mu da jabu

Kun kawo misalin kamfanonin magani na GSK da Sanofi, waɗanda suka naɗe tabarmar sayar da magani kai tsaye a Nijeriya a 2023. To wa ya ƙayyade musu farashi kafin su tafi? Babu. Ƙarancin dala da faɗuwar naira ne suka dame su. Misalinku bai shafi maganata ba.

A Indiya kamfanonin Amurka sun yi fushi, ba na musu. Abbott da Medtronic da Boston Scientific sun nemi janye sababbin samfuransu masu tsada, kuma rikicin farashin kayan asibiti na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka sa Amurka ta cire Indiya daga tsarin rangwamen haraji a watan Yunin 2019. Amma a duba abin da aka rasa. Ɗaya daga cikin kayan da aka fi yi wa kuka shi ne Absorb na Abbott, wanda ake tallatawa a kan cewa yana narkewa a jiki, ana kuma sayar da shi da tsadar gaske. A watan Satumbar 2017 kamfanin da kansa ya daina sayar da shi a duk duniya, bayan gwaje-gwaje sun nuna jini ya fi daskarewa a cikinsa fiye da sitent ɗin da aka saba da shi. Sabo da tsada ba su ne inganci ba.

A ɗaya gefen, kamfanonin gida na Indiya irin su Sahajanand da Meril sun ƙara samun kasuwa. Kuma a 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Turai, TALENT, wanda ya kwatanta Supraflex na Sahajanand da Xience na Abbott a jikin mutum sama da 1,400, ya kuma nuna na Indiyan bai gaza ba. Ita kuwa ƙasar Sin wata hanyar ta bi. A watan Nuwambar 2020, a birnin Tianjin, gwamnati ta tara buƙatar asibitocinta, sama da sitent miliyan 1 a shekara, ta ce kamfanoni su yi takara. Farashi ya faɗo daga wajen yuwan 13,000 zuwa wajen 700. Cikin waɗanda suka ci kwangilar har da Medtronic da Boston Scientific. Kamfanin da ya yarda ya sayar a wannan farashi ya faɗa wa duniya da bakinsa yawan sararin da ke tsakanin kuɗin ƙerawa da kuɗin da ake karɓa.

Na san kasuwarmu ba ta kama ƙafar ta Sin ba, ba mu da yawan da za mu murɗe hannun kowa. Wannan ne ma dalilin da ya sa asibiti ɗaya mai sayen ƙwaya goma ba zai taɓa samun sauƙi ba, sai an haɗa buƙatar asibitocin koyarwa wuri ɗaya. Maganar jabu kuwa aikin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ne, da iyakar riba da babu. Hasali ma jabu ya fi samun wurin ɓuya a inda ba a nuna wa kowa kwali da lambar kaya.

Zargi na 3: wai dala ce matsalar, ba riba ba

A nan kusan bakinmu ɗaya. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ba a ƙera sitent a Nijeriya, duk ƙwaya ɗaya da dala ake sayo ta. Duk wanda ya rubuta farashi da naira ya ce kada a wuce shi, wata uku ya yi yawa takardar ta zama shara, kaya kuma su ɓace. Shi ya sa ban nemi haka ba. Ku koma ku karanta: iyakar riba na ce, ba iyakar naira ba. Idan dala ta hau, farashi ya hau da ita. Idan ta sauka, ya sauko. Abin da ba zai motsa ba shi ne kason da ake ɗorawa a tsakani.

Ita ma Indiya wannan hanyar ta koma daga baya. A 2021, lokacin annobar korona, ba ta yanke wa na'urar samar da iskar oksijin farashi ba, sai ta ce ribar da ke tsakanin farashin dillali da na mai saye kada ta wuce kashi 70 cikin ɗari. Ta yi haka ga na'urar awon hawan jini, da ta awon suga, da ta awon iskar jini, da ma'aunin zafin jiki, da na'urar shaƙar maganin asma. Kashi 70 ba ƙaramar riba ba ce, duk ɗan kasuwar Taminus zai yi murna da ita, amma duk da haka farashin da yawa daga cikin kayan ya sauka, abin da ke nuna inda ribar take a da.

Nawa ya kamata namu kason ya zama? A zauna da ku masu shigo da kaya, a lissafa kuɗin fito, da ajiya, da kuɗin ruwan banki, da asarar kayan da wa'adinsu ke ƙarewa a kan kanta, tun da dole asibiti ya ajiye girma daban-daban. Duk waɗannan kuɗi ne na gaske, ban ce ku yi aikin sadaka ba. Amma ga tambaya: a watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga injuna da kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu. Gobe idan aka faɗaɗa irin wannan sauƙi ya haɗa da kayan aikin zuciya, ta yaya iyalin mara lafiya za su san ya iso gare su, ba a hanya ya maƙale ba? Sai an san farashin sauka. Wanda ya ce dala ce kaɗai matsalar, shi ya fi kowa cancantar ya fito da takardar a gani.

Zargi na 4: wai a Indiya sitent ya yi araha amma kuɗin aiki bai sauka ba

Wannan ita ce hujjarku mafi ƙarfi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Gaskiya ne marasa lafiya da yawa a asibitocin kuɗi na Indiya ba su ga sauƙin da suka zata ba. Dalili a fili yake. Ribar da asibiti ke samu a kan sitent ita ce take ɗaukar nauyin wasu abubuwa ba tare da an faɗa ba. Da aka toshe wannan ƙofa, sai wasu asibitoci suka ƙara kuɗin ɗakin aiki, da na gado, da na likita, da na bututu da waya da balan-balan, waɗanda dokar ba ta taɓa ba. Har ta kai a wasu wuraren kayan rakiyar sun fi sitent ɗin kansa tsada. A Fabrairun 2018, lokacin da NPPA ta sake duba farashin ta mayar da mai magani rufi 27,890, na ƙarfe kuma 7,660, sai da ta ƙara da umarnin cewa a riƙa rubuta kuɗin waɗannan kayan rakiya daban a takardar biya.

To me wannan ke koya mana? Ku kun ce yana koyar da a bar komai yadda yake. Ni kuwa na ce yana koyar da cewa rabin aiki ba ya isa. Iyakar riba ba tare da rasit dalla-dalla ba, sauya wa kuɗi aljihu ne kawai.

Na riƙe irin takardar da nake magana a kanta. Wani maƙwabcinmu, magidanci mai sana'ar ɗinki, an garzaya da shi wani asibitin kuɗi a Abuja. An yi aiki, Allah ya tashi kafaɗarsa. Kuɗin miliyoyi ne. An yi karo-karo a masallaci bayan sallar isha, an buɗe littafi ana rubuta sunaye, mai dubu biyu da mai dubu hamsin, matarsa ta sayar da 'yan kunnenta, ƙaninsa ya jinginar da Keke Napep ɗinsa. Da aka dawo aka kawo wa kwamitin unguwa rasit don a rufe lissafi, layi ɗaya ne a jiki: aikin zuciya, sai jimla, sai hatimi. Sitent nawa aka sa? Wane iri? Na wane kamfani? Nawa ne kuɗinsa, nawa ne na likita? Babu wanda ya sani, har shi mai ƙarfen a ƙirji. Ban ce an cuce shi ba. Wataƙila kowace naira ta tafi inda ya dace. Abin da nake cewa shi ne mutum ɗari sun biya kuɗin abin da ba a ba ko ɗayansu damar dubawa ba.

Alhaji, idan kuka kai mota gareji aka ce za a sauya mata wani ƙarfe, bakanike yakan faɗa muku kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, ya nuna muku kwalin sabon, ya miƙo muku tsohon. Abin da ba ku yarda a yi wa motarku ba, don me za a yi wa zuciyar ɗan'uwanku? Kowane kwalin sitent yana zuwa da 'yar takarda mai ɗauke da suna da girma da lambar kaya. A manna ta a jikin rasit. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma yana amfanar duk likitan da zai duba mutumin nan da shekara biyar.

Zargi na 5: wai idan ya yi araha za a riƙa sa wa kowa, da mai buƙata da marar buƙata

Tsoron nan yana da tushe. Sitent yana ceton rai a lokacin bugun zuciya, wannan babu jayayya. Amma ga mai ciwon ƙirji na yau da kullum, wanda ke tasowa idan ya hau tudu ya lafa idan ya huta, lamarin daban ne. Babban gwajin COURAGE na 2007, da na ISCHEMIA wanda aka bayyana a 2019 a kan mutum sama da 5,000, sun nuna cewa ga irin waɗannan marasa lafiya, gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa ko bugun zuciya fiye da shan magani yadda ya kamata. Tana iya rage raɗaɗi, amma ba ta ƙara kwana a lissafin masu bincike. Kuma duk wanda aka sa wa sitent sai ya riƙe magungunan tsinka jini guda biyu, galibi asfirin da kilofidogirel, na tsawon wata 6 zuwa 12. Idan kuɗi ya yanke ya daina sha, jini na iya daskarewa a cikin ragar, abin da ke iya kashe mutum nan take.

Tambayar ita ce, me ke jan likita ko asibiti su sa abin da ba a buƙata, arha ko riba? A Amurka, inda babu wanda ya ƙayyade farashin sitent, a jihar Meriland an aika wa marasa lafiya sama da 500 takardar cewa mai yiwuwa an sa musu sitent ba tare da buƙata ba, kuma a 2011 aka ƙwace lasisin likitan. Inda kowace ƙwaya ke kawo riba mai kauri, nan kwaɗayin ƙara ta biyu da ta uku ya fi ƙarfi. Na yarda akwai wani haɗarin ta ɗaya gefen: asibitin da aka rage wa riba a kan ƙwaya ɗaya yana iya neman cike giɓin da yawan aiki. Shi ya sa idan aka ga adadin masu sitent ya ƙaru bayan an sauke farashi, ba a yanke hukunci da adadin kaɗai. A ciki akwai waɗanda a da talauci ya hana su, akwai kuma yiwuwar waɗanda aka ja su. Hanyar rarrabewa ita ce rajista: kowane aiki a rubuta dalilinsa, a ba mara lafiya kwafin hoton jijiyoyinsa, idan kuma ba gaggawa ba ce a bar shi ya nuna wa wani likitan kafin ya sa hannu. Barin abu da tsada don kada a yi almubazzaranci da shi ba ya hana a sa wa mai kuɗi wanda ba ya buƙata. Talakan da ke buƙata kawai yake hanawa.

Zargi na 6: wai ciwon masu kuɗi ne, talakan Ali Kazaure zazzaɓi ke damunsa

Wannan maganar ce ta fi ba ni mamaki daga bakinku. Ku ƙirga gidajen layinku da babu mai hawan jini ko ciwon suga. Bincike iri-iri ya nuna kusan 1 cikin kowane baligi 3 a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Waɗannan cututtuka, da taba, da kitse a jini, su ne ke cushe jijiyar zuciya, kuma ba sa tambayar albashi. Abin da ya sa muke ganin sitent a ƙirjin masu hali kaɗai shi ne su ne ke isa inda ake sa shi. Talaka kuwa sai dai a ji an ce yana alwala ya yanke jiki ya faɗi, ko ya kwana yana kukan gyambon ciki da asuba aka tarar rai ya yi halinsa. Ajali gaskiya ne, amma neman magani ma umarni ne.

Ku yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ɗakunan da ake wannan aiki kaɗan ne, akasarinsu a Legas da Abuja, mafi yawa kuma na 'yan kasuwa. Likitoci suna so a buɗe jijiyar da ta toshe cikin awa 2, alhali daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi tafiyar awa 4 ce ko fiye.

Don haka idan kun ce a fara da rigakafi, ni ne na farko a bayanku. A sa na'urar awon jini mai aiki a kowane ƙaramin asibitin unguwa, maganin hawan jini kada ya yanke, a samu na'urar gwajin bugawar zuciya da ma'aikacin da ya iya karanta ta, a ajiye allurar narkar da gudan jini a ɗakunan gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na Filato da asibitin Jankwano, domin ita ce mafita ga wanda ba zai kai ɗakin sitent a kan lokaci ba. Amma ɗayan ba ya kore ɗayan. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Filato kuma tana da tata hukumar inshorar, PLASCHEMA. Babu hukumar inshorar da za ta ɗauki nauyin aikin da ba a san farashinsa ba, wanda yau kaza ne gobe ninki biyu. Sai an san kuɗin abu kafin a yi maganar tallafa masa. Wankin ƙoda misali ne: da yake an san kuɗin zama ɗaya, gwamnatin tarayya ta iya sanar da rage shi daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta.

Zargi na 7: wai ni ba likita ba ne, ina ɓata sunan likitoci, kuma wani ne ya sa ni

Ni ba likita ba ne, kuma ban taɓa gaya wa kowa ya sa sitent ko kada ya sa ba. Magana ta kuɗi nake yi, kuma duk wanda ya taɓa zagayawa da littafin karo-karo yana da bakin magana a kanta. A Indiya ma ba likita ba ne ya tayar da batun. Wani lauya ne, Birender Sangwan, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Delhi bayan ya ga abin da aka caji wani na kusa da shi, daga nan gwamnati ta motsa.

Ban zagi likita ko ɗaya ba. Na san ɗakin aikin jijiyoyin zuciya yana cin kuɗi mai yawa kafin a kafa shi. Na san a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ga dizal, ga gyaran injin da sai an kira ƙwararre daga nesa. Na san likitocin zuciyarmu kaɗan ne, kuma ƙasashen waje na zawarcinsu kullum. Wanda ya shafe shekaru yana koyon zura waya cikin jijiyar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, ya cancanci lada mai tsoka. A rubuta ladan nasa a fili da sunansa, a rubuta kuɗin wuta da na inji da sunansu. Idan aka cusa su duka a ƙarƙashin farashin ƙarfe, ko aka dunƙule su a layi ɗaya, likitan kirki ne ke kwana a ciki, domin shi dangi ke kallo da zargi alhali mai yiwuwa kasonsa ne mafi ƙanƙanta. Rasit dalla-dalla kariya ce gare shi.

Batun wai wani ne ya sa ni kuwa, kun san gidanmu, kun san sana'ata. Ba na sayar da sitent, ba ni da hannun jari a asibiti, ba na neman kujera. Idan kuna da shaida ku kawo ta gaban dattawan unguwa, idan babu, ku janye, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da ya rage

Buƙatuna suna nan yadda na faɗe su, kuma kowace tana da mai ita. Kwastan da NAFDAC suna da takardun farashin sauka, su buga matsakaicinsa lokaci-lokaci. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, su zauna da masu shigo da kaya da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Nijeriya a tsayar da kason riba, ba a kan sitent kaɗai ba, har da bututu da waya da balan-balan. Asibitocin koyarwa su haɗa sayayyarsu. Majalisar Dokokin Filato kuma ba sai ta jira Abuja ba: tana iya wajabta wa duk asibitin da ke jihar ya ba da rasit dalla-dalla a kan duk abin da aka dasa a jikin mutum, ko ƙarfen ƙashi ne, ko na'urar daidaita bugawar zuciya, ko gilashin ido.

Ku kuma, Alhaji, kun fi ni sanin lambobin nan, domin ta hannunku suke wucewa. Kun ce ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ina fatan haka ne. Ku zo zauren Mai Unguwa ranar da kuka zaɓa, da takardar shigo da kaya guda ɗaya, ku rufe sunan kamfani da na asibiti, mu gayyato likitan zuciya da mai harhaɗa magani, a bi kuɗin daga tasha zuwa gado a gaban jama'a. Idan lissafi ya nuna ribar daidai take, iyakar da nake nema ba za ta rage muku komai ba, sai ku sa mata hannu tare da mu. Idan kuma ya nuna akasin haka, mun san inda za a fara gyara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu dace.

Wassalam, daga ƙaninku a Ali Kazaure, Jos.